Tsamiyar Cikin Kasko

Tun da yaran yanzu suka fara ganin hotunan ƙananan itatuwa a waya, ba na rasa mai sallama a ƙofar gidana. Wai an gaya musu ni na taɓa wannan harka tun kafin a haifi iyayensu. Tambayarsu ɗaya ce: Baba, nawa mutum zai tanada in yana so ya fara? Tun kafin su rufe baki raina yake ɓaci. Ba laifinsu ba ne. Tambayar ce take tono mini abin da na yi kusan shekara hamsin ina binnewa, kuma har yau in na tuna sai in ji kamar in mari kaina. Bari in faɗi yadda nawa lissafin ya kasance, kowa ya ɗebi abin da zai amfane shi.

'Yan shekaru bayan samun 'yancin kai ina ƙaramin ma'aikacin gandun daji a Birnin Kudu, a lambun da muke renon darbejiya da mangwaro ana raba wa ƙauyuka. Aikina shuka iri, ban ruwa, da fita rangadi in duba ko awaki sun bar wani abu cikin abin da muka dasa. Wata rana na je Kano sayen tayar keke, sai na ga kalanda a bangon shagon wani mai sayar da babura. Hoton itace ne, tsoho tukuf, da kauri da rassa da komai nasa, amma a cikin faranti yake zaune, ga kofin shayi a gefensa ya kai rabin tsayinsa. Na tsaya ina kallo har mai shagon ya tambaye ni ko babur zan saya. Na roƙe shi shafin, ya ce sai wata ya mutu. Da wata ya mutu na sake biyan kuɗin mota na koma Kano saboda takarda ɗaya. Wannan shi ne kuɗin farko da na kashe.

Akwai wani malamin sakandare ɗan Indiya da yake zuwa lambunmu neman dashen furanni. Shi na nuna wa. Ya ce sunan abin bonsai, aikin mutanen Japan ne, kuma ba wani irin itace ba ne na daban, ba tsafi ba ne. Kowane itace zai yi. Ana rage masa saiwa, a riƙa datse toho, a lanƙwasa rassa da waya, a bar shi a kwano mara zurfi har ya tsufa bai girma ba. Na ce shekara nawa ake yi? Ya yi dariya ya ce na cikin hoton nan ya girmi kakana. Da ina da hankali da a nan na tsaya.

Albashina a lokacin bai kai fam takwas ba. Na ɗauki fam uku cur na kai kantin wani Kwara, ɗan Labanan, a Kano, na sayo farantin tangaran shuɗi mai ɗan zurfi, da almakashin lambu na Ingila, da takin zamani a gwangwani. Wautar kowane sabon shiga ke nan: sai ya sayi abin da ido yake so kafin ya san abin da saiwa take so. Farantin ba shi da huda a ƙasa. Na cika shi da ƙasar lambu na dasa ɗan mangwaro, ruwa ya kwanta, cikin mako biyu saiwar ta ruɓe tana wari. Na ce bari in huda shi da ƙusa, ya rabe biyu a hannuna. Takin kuwa na zuba da yawa don a yi a gama, ya ƙone mini dashe huɗu a jere. Almakashin kaɗai ya tsira, shi ma wani ya ara, har yau yana kan hanyar dawo da shi. Da garin kwaki da ƙuliƙuli na ƙarasa wannan watan.

Yunwa ce ta koya mini abin da ɗan Indiya bai gaya mini ba. Na je garinmu Kiyako wurin wata tsohuwa mai ginin tukwane, na ce ta gina mini kasko mai faɗi mara zurfi, ta huda shi sau uku a ƙasa kafin ta gasa.

Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ɗan nan, kaskon da aka huda me za a soya a ciki?"

Na ce, "Itace zan zuba, Inna."

Ta ce, "To, Allah ya ba ka lafiya."

Taro taro, wato kwabo uku-uku, ta sayar mini da guda shida. Ƙasa kuwa burji na kwaso a bakin hanya na tankaɗe da rariya, na haɗa da yashin rafi da tsohon kashin shanu wanda ya riga ya huce. Waya na samu wurin bakanike, daga cikin dinamon mota da ya ƙone. Yanka kuma tsohon almakashin tela da askar wanzami sun ishe ni. Duka-duka ban kashe sule biyar ba, kuma da kayan nan na yi aiki shekara goma sha biyu. Duk wanda ya ce maka sai da kuɗi masu yawa ake farawa, to, kaya yake sayarwa.

Itacen ma ba saya ake yi ba. A wani rangadi wajen garin Sara na hau dutse in hango iyakar daji, sai na gan ta: tsamiya ce ta fito a tsagin dutse, inda babu ƙasar da za ta cika tafin hannu. Awaki sun yi shekaru suna cinye mata toho, ita kuma ta ƙi mutuwa. Gindinta ya kai kaurin hannuna, ya murɗe, tsayinta bai wuce kamu ɗaya ba. Wahalar da zan yi shekara ashirin ina ba ta, dutse da akuya sun riga sun ba ta kyauta. Sau uku na koma a damina ɗaya ina yanke saiwar kaɗan-kaɗan don kada ta firgita. A zuwa na uku na ciro ta, na naɗe ta a jiƙaƙƙen buhu, na ɗora a cinya cikin motar kasuwa har Birnin Kudu. 'Yan motar suna ta tambayata ko magani ne, na ce musu e, don in huta.

Sai a nan na gane ainihin tsadar abin. Ba kasko ba ne, ba waya ba ce. Ruwa ne, da mutumin da zai zuba shi. Da bazara kasko yakan bushe sau biyu a yini, ni kuwa in na fita rangadi sai in yi kwana bakwai, wani lokaci goma. Shekarar farko roƙon maƙwabta na yi ta yi, wani ya zuba, wani ya manta. A shekara ta biyu na yi aure. Matata 'yar garin Kwandiko ce, gidansu masu shanu ne, tsamiyar da ta sani ita ce wadda garke guda yake kwana a ƙarƙashinta. Ranar da ta ga tawa ta rufe baki da mayafi tana dariya.

Ta ce, "Malam, wannan inuwar wa za ta yi? Ta ƙadangare?"

Amma ita ta riƙe ta. Ban roƙe ta ba, ban ma koya mata ba. Ta kai har ɗaga kaskon kawai take yi, nauyinsa ya gaya mata ko akwai ƙishi. Rana in ta take sai ta mayar da shi inuwar rumbu, la'asar ta dawo da shi. Ta kewaye wurin da tsohon asabari saboda kaji. Da shekarun fari suka zo, rijiyar unguwarmu ta ƙafe, kuɗin garwar ruwa ya ninka har na fara tunanin a bar itatuwan su mutu, mu ji da bakinmu da na yara. Ita kuwa sai ta ajiye tasa a inda muke alwala, duk wanda zai yi ya yi a kanta, abin da ya taru sau biyar a yini shi ne rabon tsamiya. Akwai makon da na lura zanenta ɗaya ta yi ta ɗaurawa ba wanki, na san inda ruwan wankin ya tafi, na yi kamar ban gani ba. Ni nawa shi ne in dawo daga rangadi in zauna da aska da waya ina gyara rassa, ina jin kaina gwani.

A shekara ta goma sha ɗaya tsamiyar ta yi fure. A ta goma sha biyu ta riƙe 'ya'ya uku, 'yan ƙanana kamar yatsan jariri, suna reto. Ina da wasu itatuwan guda biyar a sauran kasake, kuka da kanya da cediya, amma duk yara ne, babu wanda ya kama ƙafarta. Kuma tun da na yi aure babu baƙon namijin da ya taɓa ganin tsamiyar, don a tsakar gida take, inda maza ba sa shiga. Abokan aikina labari kawai suke ji. Ban taɓa lissafa katangar gidana cikin kayan aikin ba, alhali ita ce ta fi komai tsare mini ita.

A lokacin ne kuɗin man fetur ya shigo ƙasa. An daina fam da sule an koma naira, kuma mutane sun fara sauya hali da sauri fiye da yadda kuɗin ya sauya. Wanda jiya kuke cin ɗanwake a kwano ɗaya, yau ya samu kwangilar gina aji biyu, gobe ya wuce ka a mota yana ɗaga maka yatsa biyu ta taga. Ban ƙi kowa ya samu ba. Abin da na ƙi shi ne yadda samun ya zo ya tarar da tarbiyya a bakin ƙofa ya tsallake ta.

Aka haifa mana ɗa na huɗu. Ranar suna, bayan an raɗa an shafa fatiha, maza suna zaune a tabarmi ƙofar gida ana raba goro. Baffana, ƙanen mahaifina, shi ne uba a wurina tun rasuwar mahaifinmu, kuma shi ya gayyato wani abokinsa, Alhaji ɗan kwangila daga Gwaram, wanda ya zo da farar mota da direba. Baffa mutum ne mai son a san gidansu ba na banza ba ne. Hira ta yi hira sai ya ce, "Ai ɗan nan nawa yana da tsamiya a kasko, har da 'ya'ya."

Aka yi dariya. Wani abokin aikina ya ce shekara goma yana jin wannan tatsuniya, bai taɓa gani ba. Wani ya ce ko dai reshe nake yankowa in soka a ƙasa. Babu wanda ya ce in ɗauko. Wannan nake so a rubuta da kyau, don na daɗe ina ɗora wa Baffa laifi, kuma ƙarya nake yi. Ni na miƙe da ƙafata. Na yi sallama na ratsa matan da suka cika tsakar gida, matata tana ɗaki da jariri, ban leƙa na ce mata komai ba. Na ɗaga asabari na sunkuci kaskon na fito da shi waje, na dire a tsakiyar tabarma.

Dattawa suka matso suna leƙe, wani ya taɓa ɗan tsamiyar da yatsa ya ce ikon Allah. Daɗin da na ji a wannan lokacin ba zan ɓoye shi ba, kaina ya yi girma har hulata ta matse ni. Alhaji ya gyara zama, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Malam, wannan abu ya yi kyau. Ban taɓa ganin irinsa ba."

To, ga yadda aka tarbiyyantar da mu. In babba ya yaba abinka a gaban jama'a, doki ne ko riga ko agogo, ba ka cewa na gode ka yi shiru, sai a ce kai marowaci ne. Cewa kake yi, ai naka ne. Shi kuma ya san nasa rabon: ya ce a'a, Allah ya bar maka, Allah ya sa albarka. Kai ka fita kunya, shi ya nuna girma, kowa ya tashi da abinsa. Haka na ga mahaifina yana yi, haka na ga hakimai suna yi da talakawa. Ban ko yi tunani ba, bakina ya yi aikinsa.

Na ce, "Ai taka ce, Alhaji."

Ya ce, "To madalla. Na gode ƙwarai." Ya juya ya yafito direbansa. "Sa mini ita a baya, ka kula kada ta karye."

Na tsaya ina jiran ya yi dariya ya ce wasa yake yi. Bai yi ba. Na dubi Baffa, Baffa ya dubi goron da yake hannunsa. Direba ya sunkuya ya ɗauki shekara goma sha biyu ya nufi mota, ni kuma ina tsaye ina murmushi, har da ce masa ya riƙe kaskon ta ƙasa. Alhaji ya zaro naira ashirin sababbi ya danƙa mini a hannu wai tukuici. Kuɗin sun fi duk abin da na kashe wa tsamiyar tun daga kalanda har ranar, har da farantin da ya fashe. Jama'a suka hau yi mini barka, wai na yi goshi. Baki shi ke yanka wuya, amma ban taɓa jin wanda aka yanka ana yi masa barka ba sai ni.

Sai da la'asar, baƙi sun ragu, na shiga ciki. Na tarar da ita tsaye gaban asabari da buta a hannu, kwana bakwai da haihuwa, tana kallon zagayen danshin da kaskon ya bari a ƙasa. Mata sun riga sun gaya mata.

Ta ce, "Ƙwace ya yi?"

Na ce, "A'a."

"Baffa ne ya ba shi?"

Na ce, "Ni ne."

Ta zuba wa sauran biyar ɗin ruwa ta koma ɗaki. Da ta yi faɗa da na samu abin riƙewa.

Washegari na sami Baffa na ce zan je Gwaram in karɓo abina. Ya ce in na yi haka kada in ƙara kiransa uba. Ya ce malamai sun faɗa, mai kyauta ya dawo ya karɓe kamar kare ne da ya koma wa amansa. Na ce, "Baffa, ai kai ka san ba kyauta na yi ba, gaisuwa na yi." Ya ce shi abin da kunnensa ya ji, shi jama'a suka ji. Ya ƙara da cewa itace ne fa, ba ɗa ba, in je dutse in ciro wani. Na fita ban yi masa sallama ba, abin da ban taɓa yi ba tun da aka haife ni.

Na daure kwana biyar. A na shida na rubuta yadda ake kula da ita a takarda, gaba da baya, na hau motar Gwaram, na ce ko ba komai in kai musu ilimin. Gidan sabo ne, na siminti, da kwano yana ƙyalli. Aka shigar da ni falo. Abin da na gani ya sa na manta gaisuwa. An cire ta daga kaskon, wai kaskon ƙasa bai dace da falo ba. An dasa ta a wata babbar langa mai zanen furanni, irin ta jeren amare, wadda ba ta da huda ko ɗaya, an cika ta da baƙar ƙasar fadama, ruwa kwance a sama. Sannan an ɗora ta a kan firjin kananzir, daidai inda zafin yake fita, a ɗakin da rana ba ta shiga. Ganyen ya fara rawaya yana zuba a kan firjin. 'Ya'yan uku babu ko ɗaya, an ce yara sun tsinke sun tsotse.

Duk da haka ba ta mutu ba. Na kankare bayan gindin da farce na ga kore. Da zan ɗauke ta a ranar, in wanke saiwar, in yanke abin da ya ruɓe, in mayar da ita burji a inuwa, da ta tashi. Wadda dutse bai kashe ba, kwana shida a langa ba zai gama da ita ba. Na san haka kamar yadda na san sunana.

Alhaji ya shigo da fara'arsa, ya sa aka kawo mini lemon kwalba mai sanyi daga cikin firjin da yake dafa mini itace. Ba mugu ba ne, wannan ma yana cikin abin da yake ƙona mini rai. Na yi masa bayanin huda da rana da zafi, yana ta gyaɗa kai yana duban agogo. Ya lura idona ba ya barin langar. Sai ya yi murmushi ya ce, "Malam, na ga ranka yana kanta. Ai taka ce, in kana so ka ɗauka."

Ga ƙofa a buɗe. Hannu kawai zan miƙa, yadda shi ya miƙa. Akwai mutum uku a falon suna kallona, ga naira ashirin ɗinsa da na riga na sa a hidimar suna, ga maganar Baffa da karensa tana yi mini amsa-kuwwa a ka. Na ji harshena yana motsi, kuma na san abin da zai faɗa tun kafin ya faɗa.

Na ce, "Haba Alhaji, a'a. Allah ya bar maka."

Ya ce, "To, na gode." Ya karɓi takardata ya ajiye a kan firji kusa da langar, ya raka ni har bakin mota.

Daga Gwaram zuwa Birnin Kudu ban san wanda ya zauna kusa da ni ba. Zagin kaina nake yi a zuci, zagin da ban taɓa yi wa maƙiyi ba. Sau biyu aka gwada ni da magana iri ɗaya, shi ya ci duka biyun, ni na tashi da ladabi. Wai ni mai tarbiyya, ni ɗan gidan mutunci. Na bar abu mai rai yana dahuwa a kan firji don kada mutum uku da ban san sunansu ba su ce ba ni da kunya. Da na iso gida ta dubi hannuna, ta ga babu komai, ba ta tambaya ba. Ni na gaya mata da kaina, duka, har da abin da ya ce da abin da na ce. Ban san dalilin da ya sa na gaya mata ba, wataƙila so nake wani ya hukunta ni.

Bayan mako uku sai ga farar motar a ƙofar gida. Direban ya fito da langar ya dire a zaure. Babu ganye ko ɗaya, gindin ya yi baƙi, da na taɓa sai ɓawon ya saluɓe a yatsana. Ya ce Alhaji yana gaisuwa, ya ce wannan ta lalace, a yi masa wasu guda biyu kafin babbar salla, ɗaya zai kai wa wani babba a Kano, kuma kuɗi ba matsala ba ne. Abin da na gaya wa direban nan ba zan rubuta shi ba. Bawan Allah bai ci ba bai sha ba, shi ya kwashi fushin da ya kamata in yi a gaban maigidansa, ko a gaban madubi. Ya tafi da langarsa, na riƙe gawar.

Na shiga da ita ciki. Matata tana bakin murhu tana dafa ruwan wankan jego. Ta karɓa ta jujjuya ta a hannu, ta warware 'yar wayar da ta rage a wani reshe ta miƙo mini, don ta san ina sake amfani da su. Sannan ta tura tsamiyar ƙarƙashin tukunya. A jiƙe take, ta yi ta hayaƙi kafin ta kama.

Na ce mata in Allah ya kai mu damina zan koma Sara, na ga wata a can gefen dutsen, za mu sake farawa. Na ce wannan karon ba mai ganinta. Na yi ta magana, ita tana gyara wuta. Da na gaji na yi shiru, sai ta ɗauko butar da take ban ruwa da ita ta ajiye a gabana.

Ta ce, "Ga sauran biyar can, Malam. Daga yau kai za ka riƙa ba su ruwa, safe da yamma. In ya so ranar da wani ya yaba, sai ka ba da abin da yake naka."

Ba ta ƙara taɓa su ba. Ba gaba ta yi da ni ba, mun yi shekara talatin da wani abu bayan haka lafiya lau har Allah ya karɓi abinsa, amma ko kaza ta gani a kan kasko ba ta kora. Na yi ƙoƙari wata biyu. Da bazara ta kama aka tura ni rangadi na kwana tara, na tsaya a tsakar gida da jakata ina jiran ta ce je ka, zan duba su. Ta yi mini addu'ar sauka lafiya, ta miƙo mini ƙunshin guzuri. Da na dawo duka biyar sun bushe, ta share ganyen da suka zubar ta tara mini a gefe ɗaya.